Ko Shiru a Gaban Likita Ƙarya Ne?

Akwai wata tambaya wadda ma'aikatan asibiti su kan yi wa mai karɓar maganin ƙanjamau kusan duk ran da ya je karɓar nasa. Su kan ce masa, "Ban da wannan, kana shan wani magani?" Mutane da yawa su kan ce a'a, su miƙa hannu su karɓi robar maganinsu, su fita. A cikin masu cewa a'a ɗin nan akwai 'yan ekklesiya, masu baftisma, masu cin Jibin Ubangiji, waɗanda ba za su yarda su yi ƙarya a kasuwa ko a kan naira goma ba. Amma ga kwalbar jiƙo a ƙarƙashin gado, ga ƙwayoyin da ɗan kemis ya ƙulla musu a takarda saboda ciwon baya, ga farin maganin ƙwannafi a kan taga. Waɗansu ba su lissafta waɗannan a cikin magani ba. Waɗansu kuwa sun lissafta, kunya ce ta rufe musu baki.

Muna so mu auna wannan a'a a gaban Allah. Ƙarya ce, ko kuwa mutum ne kawai ya ke tsare sirrinsa? In ba a tambaye shi ba fa, ya yi shiru, da laifi a kansa? Kada mai karatu ya ce wannan zance bai shafe shi ba. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a ƙasar, da wuya kuwa a sami ekklesiya mai ɗan girma wadda babu ko ɗaya a cikinta, ko da ya ke ba a sani ba. Wanda ba ya shan maganin kuma, wataƙila shi ne mai kai wa ɗan'uwansa jiƙon.

Amma ba shi yiwuwa mu yanke shari'a a kan abin da ba mu fahimta ba. Bari mu fara da maganin kansa.

A 1981 aka fara lura da wannan ciwo a Amurka, a 1983 kuma masana a birnin Paris suka ga ƙwayar da ke kawo shi, wadda a ke kira HIV. A Nijeriya an ba da labarinsa a 1986. Manyanmu suna tunawa da shekarun nan, sa'ad da jin sunan ciwon ya ke daidai da jin an haƙa kabari. Maganin farko ya fito a 1987, amma shi kaɗai ba ya daɗewa yana aiki, gama ƙwayar ta kan sāke kama ta fi ƙarfinsa. Sai a 1996 aka tabbatar cewa in an haɗa magani uku suka tasam mata gaba ɗaya, a kan danne ta ƙwarai. A yau yawancin masu karɓar magani a ƙasashenmu ƙwaya ɗaya tak su ke sha a yini, wadda a ke kira TLD, watau magani uku ne a dunƙule: tenofobir, da lamibudin, da dolutegirabir. Biyu na farko suna hana ƙwayar cutar ta kwafi kanta, na ukun kuwa yana hana ta dasa irinta a cikin ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zaɓi dolutegirabir ya zama na gaba ga kowa a 2019. Wanda ya riƙe wannan magani da aminci ya kan yi ƙiba, ya yi noma, ya aurar da 'ya'yansa, ya tsufa. In an auna jininsa ba a kan ga ƙwayar ba, ba kuwa ya kan sa wa matarsa ba muddin tana danne haka. Alheri ne babba, wanda iyayenmu na shekarun 1990 suka yi ta roƙo da hawaye ba su gani ba.

To, amma maganin yana da sharaɗi. Dole ne ya kasance a cikin jini da yawan da ya isa, dare da rana, ba fashi. Ya yi kama da ruwan da manomin rani ya ke kora wa albasa: in wani ya ɓula kwalbatin a sama, mai gona yana ta ban ruwa amma ƙasan fadamar a bushe. Jikin mutum kuma ba shi da ɗaki dabam dabam domin kowane magani. Abin da likita ya ba ka, da abin da ka saya a tasha, da abin da gwaggonka ta dafa maka, duk a ciki ɗaya su ke gamuwa, hanta ɗaya ke sarrafa su, ƙoda biyun nan su ne ke tace su. A wurin gamuwar nan ne a ke ɓula kwalbatin.

Mu ɗauki tarin fuka, tun da shi ke shi ne ya fi kowane ciwo kashe masu ɗauke da HIV. A cikin magungunansa na wata 6 akwai rifamfisin, wanda ya kan mai da fitsari ja. Magani ne mai kyau ƙwarai, ya ceci rayuka ba iyaka. Amma yana zuga hanta ta yi aiki da gaggawa, har ta riƙa ƙone dolutegirabir tun bai gama aikinsa ba, ya ragu a jini da fiye da rabi. Gyaran abin kuwa ba wuya: likita ya kan ƙara ƙaramar ƙwayar dolutegirabir guda, a sha awa 12 bayan ta kullum, har a gama maganin tarin da mako 2. Amma fa sai likitan ya sani. Mutumin da ya ke karɓar maganin ƙanjamau a wani gari mai nisa don kada a gan shi, yana kuma karɓar na tari a asibitin garinsu, bai gaya wa wannan labarin wancan ba, yana shan duka biyu da aminci yana tsammani ya tsira, ashe ɗaya yana cin ɗaya.

Akwai kuma waɗanda ba su kai hanta ba ma, tun a ciki su ke yin ɓarnar. Farin maganin nan mai kauri da a ke sha domin ƙwannafi da gyambon ciki, in ya tarar da dolutegirabir a ciki sai ya kama shi ya riƙe, su wuce tare a fitar da su. An auna an ga kusan kashi 3 cikin 4 na maganin ya kan salwanta haka. Maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi, waɗanda a ke ba mata masu ciki a wurin awo, su ma suna da wannan hali. Ƙa'idar ita ce a sha maganin ƙanjamau awa 2 kafin su, ko kuwa awa 6 bayansu; na ƙarin jini da na ƙashi kuwa an yarda a sha su tare da shi in da abinci a ke sha. Dubi ƙanƙantar abin! Tsakanin uwa ta haifi ɗa lafiyayye da ta sa masa ciwo, wani lokaci tazarar awa biyu ce kawai, da kalma ɗaya da ta faɗa wa ungozomar asibiti. Mai kwaɗayin cin farar ƙasa ita ma ta faɗa, kada ta ce ai ba magani ba ce.

Wani lokaci kuma maganin ƙanjamau ne ke ƙara wa ɗayan ƙarfi. Metfomin na masu ciwon suga ya kan taru a jini fiye da kima in yana tare da dolutegirabir, don haka a kan taƙaita shi. Tsofaffin magungunan farfaɗiya, kamar su kabamazafin da fenobabitan, suna zuga hanta kamar yadda rifamfisin ke yi. Tenofobir kuma yana bi ta ƙoda, magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen su ma suna wahal da ƙoda. Manomin da ya ke zuba su kowane dare da damina yana aza wa jaki ɗaya kaya biyu. A Yuganda an bi mata 20 masu shan ifabirenz, maganin da a ke bayarwa kafin dolutegirabir, waɗanda aka sa musu abin tazarar haihuwa a ƙarƙashin fatar dantse; kafin shekara ta cika 3 daga cikinsu sun yi ciki. Ba mu kawo waɗannan domin mai karatu ya zama likitan kansa ba. Mun kawo su domin ya ga kowanne yana da gyara, kowane gyara kuwa yana jiran magana daga bakin mai ciwon.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Mai yin shiru yana da hujja, ba kuwa za mu rena ta ba. Zai ce, Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Zai ce jikina ne, sirrina ne, ba kowace gaskiya ce a ke bin mutum bashinta ba. Da gaskiyarsa har wani wuri. Littafi Mai Tsarki bai umurce mu mu zazzage cikinmu ga duk wanda ya tambaya ba. Sa'ad da Ubangiji ya aiki Sama'ila Baitalami ya shafe Dawuda, Sama'ila ya ji tsoron Saul, Ubangiji kuwa ya sa shi ya tafi da maraƙa ya faɗi zancen hadaya kaɗai; hadayar gaskiya ce, sauran maganar kuma Saul ba shi da iko a kanta. Yesu kansa ya yi shiru a gaban Hirudus. Saboda haka maƙwabcin da ya ke leƙen abin da ke cikin jakarka, da matar da ke so ta sami abin faɗa a bakin rijiya, ba ka yi musu ƙarya ba in ka kame bakinka. Dokar Nijeriya ta 2014 mai hana nuna bambanci ga masu ɗauke da HIV ita ma ta san da wannan haƙƙi.

Amma likita ba Saul ba ne. Kai ne ka tashi da ƙafarka ka je wurinsa, ka sa ranka a hannunsa, ka ce ya yi maka shawara. Zai ɗora shawararsa a kan abin da ka faɗa masa, kamar yadda magini ya ke ɗora bango a kan harsashin da aka nuna masa. Ka tuna da Hananiya da Safiratu. Bitrus bai zarge su domin sun riƙe wani abu ba. Ya nuna wa Hananiya sarai gonar tasu ce tun ba a sayar ba, kuɗin ma nasu ne bayan an sayar. Laifinsu shi ne sun ajiye wani kashi a ƙafafun manzanni suka bar mutane su ɗauka duka ne. Mai ciwon da ya faɗa wa likita magani biyu ya ɓoye na uku, ya bar shi ya rubuta kamar ya ji duka, ya yi irin wannan ajiya. A ganinmu shiru ya kan zama ƙarya a duk sa'ad da ka san wani zai yi aiki da shirun naka kamar amsa ce, kai ne kuma ka roƙe shi ya yi aikin. Ko ya manta bai tambaya ba, nawayar tana kanka, gama ka san abin da zai so ya sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zancen "jikina ne" kuma ba ya tsayuwa sosai in an matsa shi. Mu da muka gaskata an saye mu da tamani ba mu da bakin faɗinsa da ƙarfi. Ban da wannan ma, ga abin da ke faruwa sa'ad da magani ya ragu a jini: ƙwayar cutar ta kan farka ta hayayyafa, tana kuwa hayayyafa a gaban ɗan maganin da ya saura, har ta koyi hanyar kuɓuce masa. Daga nan sai a nemi wani layin magani, mai ƙwayoyi da yawa, mai tsada, mai wahalar samu. Ƙwayar nan mai taurin kai kuma ba a jikin mai shirun za ta tsaya ba. Ita ce zai ba matar da ta amince da shi, ita ce jariri zai sha a nono. Tsofaffin ma'aikatan asibitocin kutare na mishan sun ga irin wannan da idonsu: dafson ya zo ya warkar da dubbai, amma da aka yi shekaru ana ba da shi shi kaɗai, waɗansu kuma suna sha suna fashi, sai kuturta ta fara gagararsa, har a 1981 aka koma haɗa magunguna. Abin da mutum ɗaya ya ke yi a ɓoye da maganinsa, a ƙarshe jama'a ce ke biya.

Sai dai ba daidai ba ne a aza dukan kayan a kan mai ciwo. Me ya sa ya ke ɓoyewa? Wanda ya ke hawa mota ya wuce asibitin garinsu ya tafi wani gari ba don yana son kashe kuɗin mota ba ne. Yana tsoron ya tarar da wata daga cikin zumuntar mata a bakin layi. Akwai ekklesiyoyin da takardar gwajin jini ta masu shirin aure ta kan bi hannu huɗu kafin ta isa inda aka nufa, kafin Lahadi kuwa kowa ya ji. Akwai masu wa'azin da ba su taɓa ambaton wannan ciwo ba sai a cikin jerin hukuncin mazinata, alhali a gabansu ga gwauruwar da ba ta san namiji ba sai mijinta, ga yaron da aka haifa da shi. Almajiran Yesu sun tambaye shi ko zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, ya kuwa ƙi bin su ta wannan hanya. Har wanda ya sami ciwon ta wurin zunubi ma, ina ne ya kamata mai zunubi ya fi samun sauƙin faɗin gaskiya in ba a gidan Mai Ceto ba? Dattijon da ya ji sirrin mai ciwo ya kai wa matarsa, matar ta kai kasuwa, yana da hannu a cikin kowace a'a da za a faɗa wa likita a garin nan daga baya.

Zancen maganin gargajiya yana da nasa ƙulli. Tun zamanin masu bishara na fari aka ja wa masu bi kunne a kan zuwa wurin boka, daidai ne kuwa, gama laya da tsafi da yanka ga iskoki ba su da wuri a cikin ekklesiya. Amma a wurare da dama an haɗa saiwa da tsafi a kwando ɗaya, har ya zama wanda aka ji yana shan sassaƙe yana fargabar a sa shi a horo. Sai mutane suka koyi sha a ɓoye, suka kuma ɗauki ma'aikacin asibiti kamar wani dattijon ekklesiya ne da zai kai ƙararsu. Mu dai ba mu ga zunubi a cikin ganye ba. Allah ne ya halicce shi, annabi Ishaya kuma ɓaure ya sa aka shafa wa marurun sarki Hezekiya. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke dogara gare shi yau daga wani ganye na ƙasar Sin aka samo shi. Amma daidai domin ganye yana da ƙarfi na gaske ne ya sa ya ke iya karo da wani magani. A shekara ta 2000 masana a Amurka sun gwada wani ganye da Turawa ke sha domin baƙin ciki, suka ga ya rage wani maganin ƙanjamau na lokacin da fiye da rabi. Ƙwayoyin tafarnuwa da a ke sayarwa a kwalba su ma an ga sun rage wani da wajen rabi. Wa zai zaci tafarnuwa? Balle jiƙon da mai talla ya ke yi wa kirari da lasifika a tasha, wanda ko shi ba zai faɗa maka abin da ke ciki ba. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, ba ta kuma ce ya dace da naka maganin ba. In Kirista ya sha irin wannan, abin da muke roƙonsa shi ne ya ɗauki kwalbar ya kai asibiti a gani. Ma'aikatan asibiti kuma, musamman 'ya'yan ekklesiya a cikinsu, su tambaya da taushin murya. Wanda aka daka wa tsawa sau ɗaya ba zai ƙara faɗin kome ba.

Akwai wani abu kuma da ke karo da wannan magani wanda ba a sayar da shi a kemis, shi ne maganar mai cewa, "An warkar da kai, zubar da ƙwayoyin." Da nauyin zuciya mu ke rubuta wannan, gama da sunan Ubangijinmu a kan faɗe ta. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da ƙanjamau da ganye da addu'a, aka sa marasa lafiya suka bar maganinsu, waɗansunsu kuwa suka mutu. A 2011 gidan rediyon BBC ya ba da labarin mata uku a birnin Landan da suka mutu bayan fastoci sun sa su daina sha. Ba sai mun je nesa ba; da wuya a sami ma'aikacin asibiti a ƙasarmu da ba shi da irin wannan labari.

Yawanci ta wurin rashin fahimtar takardar gwaji abin ke shigowa. Mutum ya sha magani shekara guda, aka auna jininsa, aka ce ba a ga ƙwayar ba. Sai ya miƙe ran Lahadi ya ba da shaida, jama'a su yi guɗa, wani ya ce masa ci gaba da shan magani rashin bangaskiya ne. Amma "ba a gani ba" ma'anarsa maganin yana aiki. Ƙwayar tana nan kwance a cikin waɗansu ƙwayoyin jiki inda magani ba ya taɓa ta, in kuwa an daina sha ta kan dawo cikin jini a 'yan makonni. An yi wani babban bincike a ƙasashe da yawa domin a ga ko za a iya hutawa daga maganin lokaci lokaci. A 2006 aka tsai da shi tun bai ƙare ba, domin masu hutawar sun fi kamuwa da ciwo da mutuwa. Wanda kuma ya ke da ciwon hanta irin na B tare da HIV, tenofobir da lamibudin suna danne masa duka biyu, in ya yar da su hantar ta kan tashi da ƙarfi farat ɗaya.

Mun gaskata Allah yana warkarwa, muna kuwa yin addu'a domin marasa lafiya kamar yadda Yaƙub ya umurta. Masu ƙin magani su kan kawo sarki Asa, wanda aka zarga a littafin Tarihi na biyu saboda ya nemi masu magani a ciwon ƙafarsa. Amma a karanta da kyau: abin zargin shi ne bai nemi Ubangiji ba. Bulus, wanda ta hannunsa aka yi al'ajibai, ya yi tafiya da Luka likita, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, ya kuma bar Tarofimas a Militus ba lafiya. Kutare goman nan da Yesu ya tsarkake, wurin firistoci ya aike su, su ne kuwa masu duba jiki su tabbatar a zamanin. Warkarwar da ta ke daga Allah ba ta jin tsoron gwaji. Wanda ya ce ka zubar da maganinka domin ka nuna bangaskiya yana maimaita shawarar da Shaiɗan ya bayar a kan ƙololuwar haikali, Ubangiji kuwa ya kira ta gwada Allah. Muna kuma tambayar irin wannan mai wa'azi: in yaron ya kwanta, kai za ka yi jinyarsa? In ya mutu, kai za ka riƙe marayun? Sau da yawa kafin lokacin ya naɗe tantinsa ya yi gaba.

Game da azumi, kalma kaɗan ta isa. TLD ana iya shansa da abinci ko ba abinci, sau ɗaya ne kuma a yini, saboda haka mai azumin yini ba shi da dalilin fashi. Ya shirya lokacin da ma'aikacin asibiti. Azumin kwana da kwanaki ba ruwa kuwa yana taɓa ƙoda, kada mai shan wannan magani ya shiga shi ba da shawara ba, kada kuma shugabanni su sa shi ya ji kamar ya kasa sauran.

Saura mutum ɗaya wanda ya fi ba mu tausayi a cikin wannan al'amari duka, watau mai kawo magani saboda ƙauna. Gwaggo ta ga ɗan ɗan'uwanta ya rame, ba ta san ciwonsa ba, ta sayar da kazarta ta sayo saiwa, ta kwana tana dafawa, ta yi tafiyar ƙafa ta kawo. Ba ta yi laifi ba ko kaɗan, gama ba ta sani ba. Shi kuwa yana tsakanin abu biyu: in ya ƙi, ya ɓata mata rai, za ta kuma tambayi dalili, in ya sha, ya san abin da ka iya biyowa. Da yawa su kan sha don kunya, garin neman gira su rasa ido. A nan ne bambancin da muka yi a sama ya ke da amfani. Gwaggo ba likita ba ce, ba dole ne ta ji sunan ciwon ba sai in shi ya ga za ta iya riƙewa. Amma ba dole ne kuma ya yi mata ƙarya ba, ko ya karɓa ya zubar a bayan ɗaki ya ce ya sha. Ya durƙusa ya gode mata, ya ce, "Gwaggo, Allah ya sāka miki. Ina kan maganin asibiti, an kuwa ja mini kunne kada in haɗa shi da kome sai an gani. Bari in kai wannan su duba tukuna." Sa'an nan ya kai ɗin.